Jar Ƙasa a Katin Lahadi

A shekarar da na cika sha uku aka sa sunana a ajin baftisma na majami'armu da ke Utako, kuma a shekarar ce dattawan ikilisiya suka fito da katin Lahadi. Kati ne mai ruwan ɗorawa, bai fi tafin hannun babban mutum ba. An ja masa layuka an raba shi gida ashirin da huɗu, kowane gida na Lahadi guda, daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba. Duk ranar da ka zo sujada sai a buga maka hatimi a gidan ranar. Wanda bai tara hatimi ashirin ba, ba za a yi masa baftisma a Disamba ba, ko da ya haddace littafin ajin gaba da baya.

Malamar ajinmu ce ta raba mana katin, ta kuma gaya mana dalili. Ta ce an gaji da iyayen da ke turo yara aji ranar Laraba da yamma, amma Lahadi ba a ganin yaran, ba a ganin iyayen. Da zarar an yi wa yaro baftisma an ba shi takarda, sai a kai takardar makarantar mishan a nemi gurbi, daga nan kuma majami'a ba ta ƙara ganin ƙeyarsa. Ta ce aji rabin karatu ne, sauran rabin yana cikin sujada. Na duba katina na ga an yanke gefensa da almakashi, ɓangare ɗaya ya ɗan karkace. Na sa shi cikin Littafi Mai Tsarki. A lokacin ba na cika magana a gaban mutane, ko a aji sai an kira ni.

Mai buga hatimin wani dattijon ikilisiya ne, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Kowa Baba Dattijo yake ce masa. Yana zama a ƙofar gefe a kan kujerar roba, da ɗan tebur da akwatin tawada shuɗiya. Da farko kafin a fara sujada yake bugawa, sai ya lura wasu yara suna karɓar hatimi su zagaya bayan janareta su zauna har a tashi. Ya mayar da bugun ƙarshen sujada, sai wasu suka riƙa isowa lokacin waƙar rufewa. Daga baya ya koma bugawa a farko, ya sa wata mata daga zumuntar mata ta tsare ƙofar. Hatimin yana da kifi a tsakiya, amma wutsiyar kifin ba ta fita sosai, saboda Baba Dattijo ya fi danna hannunsa ta gefen dama.

Matsalata ita ce ba kowace Lahadi nake Utako ba. Babana direban motar haya ne mai dogon zango, daga tashar Utako yake lodi, wani lokacin sai ya yi mako biyu ba mu gan shi ba. Mama kuwa tana dafa abinci a wani gida a Maitama. Idan oga zai yi baƙi a ƙarshen mako, madam takan ce ta kwana can daga Juma'a har safiyar Litinin. Mama ba ta yarda ta bar ni ni kaɗai a ɗakinmu na haya, don gidan yawa ne, mutane suna shiga suna fita. Sai ta sa ni a motar Bwari ranar Juma'a bayan makaranta, in sauka a Ushafa wurin Kaka, mahaifiyar babana.

Kaka maginiyar tukwane ce. Tsakar gidanta kullum cike yake da tuluna da randuna suna shan iska, wasu ɗanyu, wasu sun bushe suna jiran gashi. Tana da wata tsohuwar ƙwarya da take jiƙa jar ƙasa a ciki, tana shafa wa tukwane kafin a gasa su, shi ya sa layukan tafin hannunta ba sa rabuwa da ja. Ba ta taɓa kiran sunana ba sai in ranta ya ɓaci. 'Yar birni take ce mini.

Ran Lahadi ita ce ta farkon shiri. Majami'ar da take zuwa ƙarama ce, rufin kwano babu silin, da bencuna marasa majingina. Ana wa'azi da Gbagyi, ana waƙa da Hausa, mata suna kaɗa tuluna waɗanda yawancinsu Kaka ce ta gina. Faston yana kula da ƙauyuka uku, saboda haka sau ɗaya a Lahadi uku yake zuwa a kan babur. Sauran ranakun wani tsoho ne yake karanta aya ya yi addu'a. Sujadar ta fi ta Utako tsawo, kuma ba a fita sai an gama, don Kaka a bakin benci take zama, ni a ciki.

Lahadin farko da na yi a Ushafa bayan an ba mu kati, na fito da shi bayan mun dawo gida, na nuna mata. Na yi mata bayani yadda na iya. Ta karɓa ta juya shi, ta kawo shi kusa da ido.

"To, su waɗannan kifayen, su ne shaidar kin je?"

"E, Kaka."

"Na yau fa?"

"Sai an buga hatimi."

Ta tashi ta ɗaura ɗankwali ta tafi gidan tsohon da ke karanta aya. Ba ta daɗe ba ta dawo tana dariya. Ta ce ya ce tun da aka gina majami'ar ba su taɓa mallakar hatimi ba, ko na buga wa akuya. Ta zauna a kan kututturenta, ta jawo ƙwaryar jar ƙasa, ta tsoma babban yatsanta, ta goge rabin a gefen zane.

"Nuna mini gidan yau."

Na nuna. Ta dangwala yatsan a tsakiyar gidan, ta danna, ta ɗaga a hankali yadda take ɗaga hannu daga bakin tulu.

"Shi ke nan. Gwamnati ma da yatsan nan na zaɓe ta, ta karɓa ba ta ce komai ba. Wane ne shi da zai ƙi?"

Ta ajiye katin a kan dutse ya bushe a rana. Shatin ya fita tsaf, har da wani tabo da ke ratsa yatsanta, inda wuƙa ta taɓa yankarta.

Tun a ranar na san da wuya wannan ya shiga. Abin da ya kamata in yi shi ne in kai wa Malama katin ranar Laraba in tambaye ta, ko in gaya wa Mama. Na shirya maganar a bakina sau da yawa. Ran Laraba sai in ga Malama tana sauri, 'yan aji sun kewaye ta, sai in ce mako mai zuwa. Mama kuma takan dawo daga Maitama ƙafafunta a kumbure, ta sa su a ruwan ɗumi ta rufe ido. Abin da na yi a maimakon haka, na koyi ninke katin. Idan na shiga layin Baba Dattijo sai in lanƙwasa shi, in rufe sauran da yatsuna, in bar gidan ranar kawai a buɗe. Layin yana da tsawo, shi kuma ba ya ɗaga kai. Yakan buga ya ce, "Na gaba." Haka muka yi wata biyar da rabi.

A aji ban taɓa yin fashi ba. Na haddace abin da aka ce mu haddace. Na san wace ce a cikin 'yan ajin take ba ƙanwarta katinta ta kawo mata, da wanda direban gidansu yake sauke shi ya karɓi hatimi ya koma mota da sunan ciwon ciki. Ban gaya wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye ni.

Laraba ta ƙarshe a Nuwamba Malama ta ce kowa ya kawo katinsa. Tana karɓa tana ƙirgawa tana rubutawa a littafinta. Da ta zo kan nawa sai ta miƙar da shi a kan tebur, don ninkin ya sa ya kusa rabuwa biyu. Kifi goma sha biyar, jan yatsa tara.

"Wannan fa mene ne?"

Wata yarinya da ke bayana ta leƙo.

"Malama, manja ne. A kan katin take cin doya."

Aji ya kwashe da dariya. Malama ta buga tebur.

"Ke nake tambaya. Yatsan wa ne?"

"Na kakata."

"Kakarki fasto ce?"

"A'a, Malama. Tukwane take ginawa."

Aka sake yin dariya. Malama ba ta yi ba. Ta shinshina katin, ta kankare gefen shati ɗaya da farce, ta ga ƙasa ce. Ta ce in tsaya bayan an tashi. Da kowa ya fita na ba ta labari duka, ina kallon takalminta. Ta ce ita ba ta da ikon yanke wannan, in turo mata Mama.

Mama ba ta doke ni ba. Ta zauna a bakin gado da katin a hannu, ta ce, "Wata biyar kina da baki kina cin abinci da shi. Me ya hana ki buɗe shi ki gaya mini?" Ta riga ta sayi farin yadin da za a ɗinka mini na baftisma, yana cikin leda a saman akwati.

Ran Lahadi ta samu Baba Dattijo bayan sujada. Ya ce shi bai ƙi a yi sujada a wata majami'a ba, tun farko da an tambaye shi da ya faɗi hanya. A kawo wasiƙa daga faston can, da sa hannunsa, a rubuta ranakun da yarinya ta zo. Idan sun kai biyar, an gama magana. Mama ta buga wa wata maƙwabciyar Kaka waya ta isar da saƙon. Bayan kwana uku maƙwabciyar ta kira ta ce an samu wasiƙa, amma Kaka ta ce ba za ta ba kowa ba, ita da kanta za ta kawo.

Ta zo Lahadin da ta biyo, da zanen zumuntar matansu, wasiƙar tana ƙulle a haɓar zane. Wannan ne zuwanta na farko majami'armu. Ta yi ta kallon fankokin da ke juyawa a sama. Bayan an tashi muka shiga ƙaramin ofishin da ke bayan bagade, ni da ita da Mama. Baba Dattijo ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya gaishe ta da hannu biyu, ya tambayi mutanen gida da damina. Sannan ya sa tabarau ya buɗe wasiƙar.

Ya karanta a fili. Faston ya rubuta cewa ya san tsohuwar sarai, mace ce mai aminci a ikilisiya. Game da jikarta, shi da idonsa ya gan ta sau uku, ga ranakun. Sauran Lahadin yana wasu ƙauyuka, an gaya masa ta zo, amma ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba.

Baba Dattijo ya cire tabarau. "Sha biyar da uku, sha takwas ke nan."

Kaka ba ta iya karatu ba, ba ta san abin da ta ɗauko ba sai lokacin. Ta dubi Mama, ta dube ni.

"Uku? Ni da na kai ta da ƙafata sau tara?"

Baba Dattijo ya ce wa Kaka, "Haka ya rubuta, Mama."

"Shi ai ba ya nan! Babur ɗinsa ya fi shi sanin hanyar majami'ar. Ɗana, ni nake zama a bakin benci, ko fitsari ba ta fita. Wanda ya gani da wanda bai gani ba, wa za a tambaya?"

"Mama, ban ƙaryata ki ba. Allah ya sani ban ƙaryata ki ba."

"To, buga kifin naka mu tafi, mota tana jira."

Baba Dattijo ya yi ɗan murmushi, ya girgiza kai. Ya ce akwai yara huɗu da ya mayar bana. Uwar ɗaya ta zo ta rantse masa suna ƙauye wajen jana'iza, uban wani ya zo da babbar mota ya yi masa alkawarin fenti na majami'a. Duk ya ce musu a'a. Idan ya karɓi yatsan kaka a yau, gobe kowa yana da kaka, kowace kaka tana da yatsa.

"Kowace kaka tana da jar ƙasata?"

"Za su samo, Mama. Abuja ce."

Mama ta sa baki a hankali. "Baba, biyu ne kawai suka rage. Aiki ne ya jawo, ba wasa ba."

"Na sani, 'yar'uwa. Da sha tara ne ma haka zan ce."

Sai ya juyo gare ni. Tun da na fara shiga layinsa, ranar ce ya fara kallon fuskata. "Ke, kin je sujadar nan tara?"

Na ɗaga kai alamar e.

"Na yarda. Me ya sa kike ninke katin?"

Ashe ya lura. Ya jira kaɗan, bai kuma matsa mini ba. Ya ce zai kai maganar gaban sauran dattawa ranar Talata, amma kada mu sa rai.

Kaka ta tashi ta karkaɗe zanenta. A ƙofa ta juyo ta ce masa, "Allah dai ya gan ta." Ya ce, "Ya gan ta, Mama. Ni ne ban gan ta ba."

Muka raka ta tasha. A hanya ta yi ta faɗa da Gbagyi, rabi da faston, rabi da dattijon. Da ta shiga mota ta leƙo ta taga ta ce wa Mama a kawo ni Ushafa, faston can zai tsoma ni a rafi ba kati ba kifi. Mama ta ce za ta yi shawara da babana. Da ya dawo ya ce a'a, inda aka fara nan za a gama, kada a ce mun gudu.

Dattawa suka zauna ranar Talata. Malama ta gaya wa Mama cewa an yi gardama, ita kanta ta roƙa a duba cewa ban taɓa fashin aji ba, wasu biyu sun goyi bayanta. Amma aka ce shekarar farko ce ta doka, idan aka karya ta tun yanzu ba za ta ƙara tsayuwa ba. Sai dai sun ƙara wani layi a ƙasan katin shekara mai zuwa, cewa wanda zai yi sujada a wani wuri ya sanar tun kafin ya tafi.

Aka yi baftismar a Asabar ta biyu ta Disamba, a kwamin siminti da ke bayan majami'a. Na je. Mama ta ce ba dole ba ne, amma na je. Na tsaya kusa da famfo ina kallon 'yan ajinmu suna shiga ɗaya bayan ɗaya cikin fararen kaya. Ruwan ya yi sanyi, kowa ya fito sai haƙoransa su riƙa kaɗawa. Yarinyar da ƙanwarta ke kawo mata kati ita ce ta shida. Ta yi kuka da ta fito, kuma ina ganin kukan gaske ne.

Da Yuni ya zagayo aka sake rubuta sunana, aka ba ni sabon kati. Mama ba ta so a sake dogara da wasiƙar kowa ba. Ta roƙi wata mata 'yar zumuntarsu da ke bayan kasuwar Utako, duk ƙarshen makon da za ta kwana Maitama sai in koma can. Matar tana cikin ƙungiyar mawaƙa, takan tafi da ni koyon waƙa ranar Asabar don kada in zauna ni kaɗai, har aka ba ni wuri a layin baya. A wata shidan nan sau biyu na je Ushafa, duka a tsakiyar mako lokacin hutu.

Na sha tambayar kaina ko dattawan sun yi daidai. Na san yaran da katin ya sa suka fara zama cikin sujada har suka saba, wasunsu suna nan har yau. Na kuma san waɗanda suka cika gidajensu ashirin da huɗu ba tare da sun ji wa'azi guda ba. Baba Dattijo bai yi mini ƙarya ba, faston Ushafa bai yi ba, Kaka ma ba ta yi ba. A cikinmu duka ni kaɗai ce na ɓoye wani abu. Wannan bai hana ni ganin cewa abin da katin yake iya nunawa kaɗan ne.

Aka yi mini baftisma a Disambar da ta biyo. Kaka ta zo, babana ma ya ajiye mota ya zo. Bayan mun canza kaya muka jeru a gaba, sai Baba Dattijo ya karɓi lasifika ya ɗaga katina sama. Ya ce jama'a su dubi yarinyar nan, bara ba ta cika ba aka mayar da ita, bana ko Lahadi ɗaya ba ta yi fashi ba, wannan shi ne amfanin kati. Aka tafa. Ruwa yana ɗiga daga kitsona yana shiga wuyan rigata, na tsaya ina kallon ƙasa har aka gama.

Daga ranar ba wanda ya ƙara neman hatimi a wurina. Kaka ta ce yanzu sai in riƙa zuwa kamar da, na ce to. Amma mawaƙa suna da waƙar Kirsimeti, bayanta ta sabuwar shekara, bayanta aka matsar da ni layin tsakiya, kuma wanda bai zo koyo ranar Asabar ba ba ya yin waƙa ranar Lahadi. Na ci gaba da zuwa Ushafa lokacin hutu, in kwana biyu in dawo kafin Asabar. Ban ƙara yin Lahadi a can ba, kuma ba wanda ya hana ni.